Turanci a Bakin Bahaushe: Amsoshin Wasiƙun Masu Karatu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙu sun taru sosai wannan karon, wasu ma tun watan jiya suke jira, don haka ba wani dogon sharhi, mu shiga kai tsaye. Wanda bai ga tasa ba yayi haƙuri, tana nan a layi in sha Allah.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗaliba ce a Zariya, bana zan rubuta WAEC. Malamin Turancinmu ya zagaye mini jimla da jan biro saboda na rubuta "please borrow me your book", yace kuskure ne, amma wallahi kowa haka yake faɗa a makarantarmu. Meye laifin jimlar?

AMSA: 'Yata, malaminki yana da gaskiya, kuma ki gode masa da ya zagaye miki yanzu tun kafin takardar ta je hannun mai makin WAEC, don shi ba zai miki bayani ba, maki kawai zai cire. Abin da ya faru shine Hausarki ce ta leƙo ta ƙarƙashin Turancin. Mu kalma ɗaya muke juyawa, muce na ari littafi, muce ara mini littafi, tushen ɗaya ne, wannan "mini" ɗin da ɗan canjin wasali su suke nuna wa ke bayarwa wa ke karɓa. Shi Bature ya raba su gida biyu. "Borrow" na mai karɓa ne, "lend" na mai bayarwa. Toh kinga idan kina roƙon ƙawarki littafi hanya biyu gareki, ko kice "please lend me your book" ko kice "can I borrow your book?", duk daidai ne. Idan abin ya wuce kuma, "lend" yana komawa "lent", ba "lended" ba, ki kula da wannan don shima yana cin mutane a jarrabawa.

Amma bari in ƙara miki wani abu don kada ki ɗauka Hausa ce ta gaza. Mu ma muna da rabon da su ba su da shi. Aro daban rance daban. Idan kika ari tsani ko babbar tukunyar biki a maƙwabta, ita ɗin dai zaki mayar. Idan kuwa mamanki ta ranci kwano biyu na gero ko dubu biyar, ai ba wannan geron zata mayar ba, an riga an tuƙa shi an cinye, makamancinsa zata kai. Bature duk "borrow" yake ce musu, tsanin da geron da kuɗin. Kowane harshe da inda ya ja layinsa, aikinki shine ki san inda nasu yake.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Ƙanena zai karɓi bashi a banki, an ce mu uku mu tsaya masa. A takardar na ga an rubuta "jointly and severally liable". Yarona da ke jami'a yace mini "severally" na nufin sau da yawa. Toh sau da yawa na me? Ban gane ba, kuma ranar Litinin ake so in sa hannu.

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara girma, don Allah kada ka sa hannu tukuna, wannan ita ce wasiƙar da tafi damuna a duk na wannan makon. Yaronka bai yi ƙarya ba, a Turancinmu na Najeriya mutum zai ce "I called you severally" yana nufin na kira ka sau da yawa, har ma babban ƙamus ɗin Oxford ya shigar da wannan ma'anar a watan Janairun 2020 cikin kalmomi 29 na Turancin Najeriya, tare da su "okada" da "danfo" da "next tomorrow" da "Kannywood". Amma takardar banki ba da wannan Turancin aka rubuta ta ba. A asalin Turanci, kuma a bakin lauyoyi, "severally" na nufin ɗaiɗai, kowa shi kaɗansa.

Ga yadda abin yake a aikace. A ce bashin naira miliyan uku ne kuma ku uku kuka tsaya. Kai a zuciyarka zaka lissafa cewa in abu ya ɓaci, Allah ya kiyaye, miliyan ɗaya ce taka, sauran biyun kowa ya ɗauki tasa. Wannan jimlar ta rushe wancan lissafin. "Jointly" na nufin banki na iya kama ku gaba ɗaya a haɗe, "severally" kuma na nufin yana iya zaɓar mutum ɗaya a cikinku ya nemi duka miliyan ukun a wajensa, sai daga baya shi wanda ya biya ya je ya bi sauran su ba shi nasu kason. Kuma kaga banki ba zai bi wanda ba shi da komai ba, wanda ke da shago da kaya a ciki zai bi. "Liable" kuwa shine wanda nauyin biya ya hau kansa a shari'ance.

Ban ce kada ka taimaki ɗan'uwanka ba, zumunci ne kuma kai ka san ƙanenka fiye da ni. Cewa nayi ka san girman abin da kake ɗauka. Ka kai takardar wajen lauya ya karanta maka ita tun daga farko har ƙarshe, ka tambaye shi ko za'a iya rubuta iyakar abin da kai ka tsaya a kai, kuɗin da zaka ba lauyan bai kai komai ba idan aka kwatanta. Litinin ɗin ma idan ta wuce akwai Talata.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce, wata na biyar kenan da zuwa Manchester. Rannan abokiyar aikina ta yi tuntuɓe shayi ya zube mata a riga, nace mata "sorry", sai ta kalle ni tace ai ba laifina bane. Wata rana kuma na wuce wani dattijo yana goge ƙasa nace masa "well done", ya amsa amma naga kamar bai ji daɗi ba. Abin ya tsaya mini a rai, me nayi ba daidai ba?

AMSA: 'Yar'uwa, ba ki yi rashin tarbiyya ba, tarbiyyar ce ma ta saki magana. Sannu kika ce musu su biyun, sai dai Turanci ba shi da sannu, wallahi babu kalma ɗaya a cikinsa da ke ɗaukar duk kayan da sannu ke ɗauka. Mu sannu muke ce wa wanda ya faɗi, da mara lafiya, da mai aiki, da wanda ya dawo daga tafiya, da mai jego. Da Turanci ya zo ƙasarmu sai muka ɗora wa "sorry" rabin wannan kayan, muka ɗora wa "well done" sauran rabin, kuma Yarbawa da Ibo ma haka suka yi da nasu gaisuwar, shi yasa a Najeriya kowa ke gane kowa.

A Ingila idan kika ce "sorry" ita kaɗai a lokacin da abu ya samu mutum a gabanki, abin da kunnensa ke fara ji shine ban haƙuri, kamar ke kika jawo. A irin wannan wurin suna cewa "are you all right?" ko "oh dear, are you OK?". Amma fa ba wai sun daina amfani da ita wajen jaje bane, sai dai suna cika ta. Idan aka gaya miki wani ba shi da lafiya kice "I'm sorry to hear that", idan rasuwa ce kice "I'm sorry for your loss", a aikinki na asibiti wannan ta biyun zaki buƙace ta, ki riƙe ta da kyau. Wanda yayi atishawa kuma "bless you" ake ce masa.

Shi kuwa "well done" a can yabo ne ba gaisuwa ba, kuma yawanci bayan an gama abu ake faɗinsa, malami ya ce wa ɗalibi, uwa ta ce wa yaron da ya cinye abincinsa, koci ya ce wa ɗan wasa. Toh ki duba yadda dattijon ya ji, yarinya sa'ar 'yarsa ta wuce tana yaba masa kamar ita ce ke duba aikinsa. Ke kuma a ranki sannu da aiki Baba kika ce. Gobe in kin gan shi kice masa "good morning, how are you?", in kuma ya matsa miki ki wuce kice "thank you", shikenan an wuce wurin.

Tunda muna kai, ga guda biyu 'yan gidansu. Ina zuwa ɗinmu da muke faɗa muna fita, in kika fassara shi "I'm coming" alhali kin juya baya kina tafiya zasu rikice, kice "I'll be right back". Rakiya kuma, maimakon "let me escort you" kice "let me see you off" ko "I'll walk you to the bus stop", don "escort" a kunnensu ya fi kama da rakiyar 'yan sanda ko masu gadi, kuma yana da wata ma'anar ta banza da ba zaki so a jingina miki ba. Idan kin dawo gida hutu kuwa ki ci gaba da "sorry" ɗinki da "well done" ɗinki, a nan daidai suke, ni kaina su nake faɗa.

TAMBAYA: Malam ina gaisuwa daga Maraɗi. Da Faransanci nayi lakwal, yanzu ina koyon Turanci saboda ina sayen kaya a Kano da Legas. Kalmomi da yawa ina ganinsu kamar na Faransanci sai in ji daɗi, amma wani abokin ciniki yace saƙona yana da zafi don na rubuta "I demand the price". Ni kuwa tambaya kawai nayi.

AMSA: Ɗan'uwa, muna amsawa, a gaida mutanen Katsinar Maraɗi. Kamar da kake gani ba ƙarya bace. A shekarar 1066 William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, daga nan Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnoni, dubban kalmomi suka shiga Turanci. Sai dai kusan shekara dubu kenan, wasu kalmomin sun riƙe kamanninsu amma ma'ana ta kama wata hanya. "Demander" a wajenku tambaya ce ko roƙo cikin ladabi, "demand" a Turanci kuwa nema ne da ƙarfi, irin na wanda ya zo karɓar haƙƙinsa yana buga tebur. Ka rubuta "please, what is the price?" ko "could you send me the price?".

Ga waɗanda nasan suna kada mutanen Nijar da na Kamaru da Chadi. "Actually" ba "actuellement" bane, ma'anarsa a gaskiya ko a zahiri, in kana nufin a halin yanzu kace "currently" ko "at the moment". "Library" shine laburare inda ake karatu da aron littafi, ba "librairie" inda ake sayarwa ba, wannan "bookshop" ne. "Assist" taimako ne, ba "assister à" na halartar taro ba, wannan "attend" ne. Wanda yafi haɗari a ciniki shine "eventually". Kai in kace "éventuellement" kana nufin wataƙila, in hali yayi. Shi mai jin Turanci in ka rubuta masa "I will eventually buy" ya ɗauka ka yi alkawari ne cewa ko ba daɗe ko ba jima zaka saya, har ya ajiye maka kaya. In wataƙila kake nufi kace "maybe" ko "possibly".

TAMBAYA: Meye bambancin "advice" da "advise"? Daga wani ma'aikaci a Dutse.

AMSA: Mai "c" suna ne, shawarar kanta, mai "s" kuma aikatau ne, bada shawarar, kuma ana furta ƙarshensa kamar z. "He gave me good advice", "he advised me". Kuma ba'a cewa "an advice" ko "advices", sai dai "some advice" ko "a piece of advice". A rubutun Ingila, wanda shi makarantunmu ke bi, haka "practice" da "practise" suke, haka "licence" da "license".

TAMBAYA: Wai da gaske Turawa basu san "go-slow" ba? Direba daga Kaduna.

AMSA: Sun san shi amma ba a titi ba. A Ingila "go-slow" wani salon yajin aiki ne, ma'aikata su zo aiki amma su riƙa jan ƙafa da gangan. Cunkoson mota "traffic jam" ne. A Kaduna dai in kace go-slow ya riƙe ka a Kawo kowa ya gane.

TAMBAYA: Malam ni malamar firamare ce a Katsina. Yarana kullum sai su rubuta "I drink medicine", "I hear smell", "we have a stranger in our house". Na gyara har na gaji. Ya zanyi?

AMSA: Malama sannu da ƙoƙari, aikinku ne mafi wuya a duk harkar nan. Shawarata ki daina gyara jimla ɗaya-ɗaya, ki kama tushen, don duka ukun ciwo ɗaya ne. Ki shiga aji ki rubuta "sha" babba a tsakiyar allo, ki ce yara su kawo duk abin da ake sha a Hausa. Zasu cika miki allon, ruwa, magani, mangwaro, rake, taba, iska, wahala, har duka. Sai ki ja kibiya daga kowanne zuwa nasa na Turanci, ruwa "drink", magani "take", mangwaro "eat", taba "smoke", wahala "suffer". Na taɓa yin haka da wani aji, wani yaro a baya ya ɗaga hannu yace toh Malam ashe su Turawa kalma biyar suke wahala da ita inda mu ɗaya ta ishe mu, daga ranar ban ƙara ganin "drink medicine" a littafinsa ba, don ya gane da kansa inda ramin yake.

Washegari ki yi wa "ji" haka. Jin magana "hear", jin wari ko ƙamshi "smell", jin sanyi ko zafi "feel", jin ɗanɗano "taste", jin Hausa ko Turanci "understand" ko "speak". Baƙo kuma biyu ne a wajensu, wanda ka sani ka shimfiɗa masa tabarma "guest" ne ko "visitor", wanda baka taɓa gani ba shine "stranger". Yaron da yace akwai "stranger" a gidansu alhali kawunsa ne ya zo daga ƙauye, in Bature ya ji sai ya ɗauka wani ne ya faɗo musu gida. Kuma don Allah kada a doki yaro ko a ci shi tara don yayi Hausa a aji, da ita zaki koya masa Turancin.

TAMBAYA: Malaminmu na Islamiyya yace akwai kalmomin Larabci a cikin Turanci. Haka ne? Ɗalibi daga Sakkwato.

AMSA: Ƙwarai kuwa, kuma wasunsu mu ma muna da su ta tamu hanyar. "Sugar" da sukari ɗinmu duk daga sukkar suke, su ta bi ta Italiya da Faransa kafin ta isa Ingila. "Safari" ta shiga Turanci a ƙarni na 19 daga Swahili, Swahili kuma daga safar na Larabci, tushen da ya bamu safara. "Cotton" daga ƙuɗun, "magazine" daga makhazin wato rumbunan ajiya, "admiral" daga amir. "Algebra" daga aljabr ne, kalmar da ke cikin sunan littafin lissafin da Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza a ƙarni na 9, sunan shi malamin kuma shi ya rikiɗe ya zama "algorithm" da masu kwamfuta ke ta ambata yau.

TAMBAYA: Malam ina cike fom ɗin biza zan je wajen ɗan baffana a Kanada. Tare muka tashi gida ɗaya, ni yayana nake ce masa. A wajen dangantaka in rubuta "brother" ko "cousin brother"?

AMSA: Ƙanena, kada ka rubuta ko ɗaya a ciki, ka rubuta "cousin" kawai. "Cousin brother" ana jinsa a Najeriya da Indiya amma ba ya cikin Turancin da jami'in biza ke aiki da shi, "brother" kuma a takardar hukuma yana nufin wanda kuka haɗa uwa da uba, in ɗaya kuka haɗa "half-brother" ne. Na san a zuciyarka yayanka ne kuma a gidanku ba wanda zai ce ba haka ba, mu ɗan wa da ɗan ƙane ai 'yan'uwa ne ba'a ma tsayawa rabewa. Amma jami'in zai duba sunan iyaye a takardunku biyu, in ya ga ba ɗaya ba alhali ka rubuta "brother", ba zai ce al'ada bace, zai ce ka faɗi abin da ba gaskiya ba, kuma wannan kaɗai na iya jawo a hana ka.

Turanci talaka ne a wajen sunayen dangi. Baffa da kawu duk "uncle" ne, goggo da inna duk "aunt", 'ya'yansu gaba ɗaya maza da mata "cousin". In fom ɗin ya baka wurin ƙarin bayani ka rubuta "my father's brother's son", ka ƙara da cewa "we grew up in the same house". Allah ya sa a dace, in ka isa ka gaida yayan naka.